Alayyafo a Bokitin Fenti

Asabar, 5 ga Afrilu

Tun da aka sallamo Baba daga asibiti bango kawai yake kallo. An yanke masa ƙafar dama daga ƙasan gwiwa, ciwon suga ne ya cinye ta. Na dama masa fura, ya kurɓa ya ture. Tuwo kuwa ko kallo bai ishe shi ba.

Sa'adatu, ma'aikaciyar jinyar da ke zuwa wanke ciwon, ta ja ni tsakar gida ta ce in bai ci abinci ba ciwon ba zai haɗe ba, in kuma bai haɗe ba sai an sake yankawa daga sama. Ta ce ganye, a ba shi ganye sosai. A wannan zafin? Ganyen kasuwar Dutsi kafin ya iso gida ya zama tsumma.

Ƙanena Bashir ya kira daga Gesheme, wai a mai da Baba gida, zaman birni ne ke kashe shi. Na ce wa zai wanke ciwon a can, kai? Mijina Luƙman ya rasu ina tsaye ina kallo, ba abin da na iya. Wannan karon ba zan tsaya kallo ba.

Litinin, 7 ga Afrilu

Baba ya faɗi a ƙofar bayi da sandunan nan na asibiti. Allah ya kiyaye, bai bugu a ciwon ba. Na ɗauke sandunan na ɗora can saman kabad. Daga yau komai yake so a kawo masa inda yake.

Alhamis, 10 ga Afrilu

Tun bara Mukhtar, malamin lissafi a kolejinmu, yake damun mu da zancen noma ba ƙasa, wanda ya koyo a wani horo a Yamai. Mun sha yi masa dariya, ni ce ma kan gaba, wai ni malamar kimiyyar halitta. Yau ga ni a ƙofar gidansa da ledata. Bai rama ba, Allah ya saka masa.

Abin ba wuya. Bokitin fenti mai murfi. A huda murfin, a zura ƙaramin kofin roba mai hudoji a gindi, a sa gutsuren katifa a ciki, a tura iri cikin katifar. Ruwa a bokiti, a narka garin taki iri biyu da ya ba ni, kowane daban kafin a haɗa. Ba injin, ba ruwanka da wutar lantarki ta ɗauke ko ta dawo.

Abu ɗaya ya yi ta maimaitawa har na gaji: in ruwan ya fara sauka, kada a cika. Saiwar da ke ƙasa ruwa take sha, wadda ta rage a sama iska take sha. In an nutsar da ta sama, shukar ta shaƙe. Na ce na ji, Mukhtar, ni nake koyar da numfashin tsirrai.

Asabar, 12 ga Afrilu

Tsakar gidan nan siminti ne, ga awakin mai gida da ko takardar jarrabawa ba su bari. Don haka ɗakin ajiya na share, wanda ke jikin na Baba. Na sa an cire kwano ɗaya na rufin an sa mai haske. Bokiti shida: biyar a ƙasa, ɗaya kan kanta don wuri ya ƙare. Salati biyu, sauran alayyafo.

Baba ya ji ƙarar guduma ya tambaya, karo na farko da ya tambayi wani abu. Na gaya masa. Sai ya ce, "Shibka cikin ɗaki, ba ƙasa. Madam, bokon ga naku ya kai."

In ya ce mini Madam, to tsiya ce. In yana cikin daɗin rai Inna yake ce mini, don sunan mahaifiyarsa na ci.

Laraba, 16 ga Afrilu

Alayyafo ya tsiro, jajaye sirara kamar zare. Salati ko alama. Zafi ya yi masa yawa, na san haka tun farko, taurin kai ne kawai.

Lahadi, 20 ga Afrilu

Na zauna ina lallashinsa ya ci ko loma uku. Na ce in ya warke ai zai koma gona. Da na sani ban faɗa ba. Ya juyo ya dube ni ya ce, "Da wace ƙahwa? Kin manta yadda aka shibka hatsi? Mai sungumi na gaba shina sara, kai kana baya kana zuba iri kana turbuɗewa da diddige. Da ta dama nike turbuɗewa tun ina yaro. Ita anka yanke."

Ban manta ba. Ni na sha bin bayansa da ƙwaryar iri, ina kallon diddigen nan yana rufe rami ba tare da ya ko duba ƙasa ba. Na fita na tsaya wajen randa kamar mai neman ruwa, na yi kukana.

Alhamis, 24 ga Afrilu

Na zubar da na salatin na sake sa alayyafo. Ruwan bokitai yana ɗumi da rana, sai na naɗe su da jiƙaƙƙen buhu kamar yadda ake yi wa jarkar ruwan sha. Na bar ƙofar ɗakin ajiya a buɗe don iska. Daga katifar Baba ana hango bokitai biyu. Ba don shi na buɗe ba.

Laraba, 30 ga Afrilu

Ganye ya kai tafin hannu. Na ɗaga murfi, saiwa fara ƙal, ta zubo kamar gemun tsoho. Ruwa ya sauka, ga iska a sama, yadda Mukhtar ya ce. Na ɗauki bokiti ɗaya na kai wa Baba ya gani. Ya leƙa ciki, ba ganyen ya kalla ba, ruwan ya kalla. Ya ce, "Ya ragu." Na ce haka ake so. Ya ce to.

Ciwon yana nan yadda yake. Na gani a fuskar Sa'adatu.

Asabar, 3 ga Mayu

Abin mamaki, ruwan bai ƙara sauka ba, kamar ma ya ƙaru. Buhun nan ne ke aiki, ina jin.

Talata, 6 ga Mayu

Ganye ya langaɓe. Bokitai biyar duka, kamar waɗanda suka kwana uku ba ruwa, alhali ruwa har baki. Na ɗaga murfi, saiwar ta fara yin ruwan ƙasa, tana yauƙi, da ɗan wari. Na kan kanta kaɗai ke tsaye lafiya lau.

Na tare Mukhtar a ɗakin malamai na ce takinsa ya lalace. Ya ce, "Hindatu, kin ƙara ruwa." Na ce ban ƙara ba. Ya ce to wani ya ƙara. Na ce daga ni sai tsoho mai ƙafa ɗaya a gidan, ko awaki ne suka koyi ɗaukar buta? Na yi masa magana da zafi a gaban mutane, bai kamata ba.

Laraba, 7 ga Mayu

Sa'adatu ta ce bandejin ya yi ƙura, tafin hannunsa kuma ya goge. Ta tambaye ni ko yana fita. Na ce ina zai je? Baba yana kwance yana jin mu, idonsa a rufe.

Juma'a, 9 ga Mayu

An ɗage darasina na ƙarshe, na dawo gida da hantsi.

Na same shi a ƙasa, tsakanin ƙofarsa da ta ɗakin ajiya. Zaune, dungulmin ƙafar a ɗage don kada ya taɓa siminti. Sai ya tura butar alwalarsa gaba, ya dafa hannu biyu ya ja jiki ya cim mata, ya sake turawa. Bai ji shigowata ba. Na tsaya ina kallo har ya kai bokitin farko, ya ɗaga murfi, ya tsiyaya ruwan a hankali ta gefe, yadda ake shayar da jariri.

Ban san lokacin da na fara faɗa ba. Na ce ya kashe mini shuka, ganyen da nake jira don shi, zai ɓalle ciwon a sake yanka shi, me yake so in yi da raina. Na faɗi abin da ɗiya ba ta faɗa wa uba. Ya bari na gama.

Ya ce, "Shekara sittin ina biɗar ruwa ga Allah saboda shibka. Ban taɓa ganin ruwa na ƙare mata ba, ga shi kusa da ni, in kwanta. Na ga ta yi laushi na ce ƙishi na, na daɗa."

Na zauna nan ƙasa kusa da shi. Mutumin da ko cokali ba ya ɗagawa ya ci abinci, ashe kullum ina fita yake jan jiki ya shayar da alayyafo da ruwan alwalarsa.

Na sauko da bokitin kan kanta, wanda hannunsa bai kai ba. Na nuna masa saiwar sama, mai gashi-gashi, a bushe cikin iska, da ta ƙasa cikin ruwa. Na nuna masa ta sauran, duk a nutse, a ruɓe. Ya shafa wannan, ya shafa waccan, ya kai yatsa hanci. Can ya ce, "Awa hatsin da ruwa ya kwanta ma cikin kwari. Shi ma ja shikai shi mutu." Ya ƙara da cewa, "Ashe ni na shaƙe ta."

Na ce ba komai, Baba. Ya ce da komai.

Asabar, 10 ga Mayu

Na sauke sandunan daga saman kabad don in share ƙurar wurin. Na jingine su a ɗakinsa. Ban mayar ba.

Na ba Mukhtar haƙuri ta waya. Ya yi dariya har ya ƙware, sannan ya ce a gai da Baba, a ce masa kowa da ƙara ruwa yake kashe ta farko.

Litinin, 12 ga Mayu

Mun wanke bokitai biyar mun sake zubi. Na ce mun, amma ni wanki kawai na yi. Baba ya zauna kan kujera 'yar tsugune ya karɓe ledar iri. Ya ce na cika zuba iri da yawa a kofi ɗaya, suna cin juna. Yana ɗaukar ƙwayar alayyafo da jiƙaƙƙen tsinke, ya tura cikin katifa, ya danna da babban yatsa. Na lura da dannawar nan. Sau ɗaya, ba ya dubawa.

Ya sa na kawo gawayi, ya ja layi a jikin kowane bokiti daga waje, wajen rabi. Ya ce in ruwa ya yi ƙasa ƙwarai a ƙara, amma iyakarsa nan.

Alhamis, 15 ga Mayu

Na dawo na tarar ya jiƙa buhuna, ya juya bokitai don na bayan su samu haske. Da sanduna ya yi, ba da jan jiki ba. Na ƙyale shi.

Ya sha furarsa duka. Wai aiki ke sa yunwa.

Lahadi, 18 ga Mayu

Na kan kanta ya isa yanka. Na ɗauko wuƙa, Baba ya ce a'a, da hannu, a bar zuciyar ta sake toho. Ya tsinka da kansa. Na ɗora tukunya, ya sake cewa a'a. Ba a cin na fari sai an fitar wa maƙwabci, haka yake yi da damin farko tun kakanni. Na ce Baba, duka-duka bai cika ƙwarya ba. Ya ce ko ganye uku ne.

Haka na ɗauki rabi na kai wa matar mai gida, mai awakin da suka kore ni daga tsakar gida. Ta yi ta juya shi tana tambaya daga wace fadama.

Sauran na dafa na kwaɗa da ƙuli-ƙuli da albasa. Ya ci loma ɗaya ya ce ba shi da ɗanɗanon ƙasa, ko tsakuwa ɗaya babu a haƙori, wannan ai ganyen ma'aikata ne. Yana faɗa yana ci. Ya share kwanon da yatsa ya ce, "Inna, gobe a daɗa tonka, bai yi yaji ba."

Inna. Na je na wanke kwanon da ya riga ya wanku.

Laraba, 28 ga Mayu

Gyaran takardun yara ya sha kaina, ban samu rubutu ba. Bokitai yanzu sun wuce goma, Baba ya sa na roƙo a wajen masu fenti. Ya ƙara yakuwa. Kullum akwai ganye a gidan nan, har na fara gajiya da shi, shi kuwa ko a jikinsa.

Sa'adatu ta ce ciwon ya fara haɗewa, naman ya yi ja mai kyau. Ta tafi da alayyafo a leda.

Lahadi, 8 ga Yuni

Jiya aka yi layya. Bashir ya zo da nama da zangarniyar hatsi guda, wai Baba ne ya aika a kawo, daga irin da aka ajiye a rumbu. Sun shige ɗakin ajiya su biyu sun daɗe. Ina jin Baba yana koya masa zancen saiwar iska kamar shi ya ƙirƙiro ta. Bashir ya fito yana girgiza kai ya ce, "Yaya, mi kika yi ma tsohon ga? Ya yi ƙiba."

Kafin ya tafi ya sake taɓo zancen komawa. Na ce kada ya fara.

Alhamis, 12 ga Yuni

A bokitin ƙarshe, na kusa da ƙofa, wani abu ya tsiro mai kama da ciyawa, ganye sirara a tsaye. Ba sai an gaya mini ba. Na ce Baba, hatsi ba zai yi a bokiti ba. Ya ce ya sani, shi dai ya gan shi.

Asabar, 14 ga Yuni

Da la'asar hadari ya taso daga gabas, aka yi ruwa mai ƙarfi, na farko na kirki. Na ruga ina tare yoyon kwanon nan mai haske. Da na fito na ga Baba a bakin ƙofar gida kan sandunansa, feshi na dukan rigarsa, yana shaƙar ƙamshin ƙasa. Na ce ya shigo bandeji zai jiƙe. Kamar da bango nake.

Bashir ya kira: can ma an samu, ƙasa ta jiƙe ƙwarai, jibi za su shuka babbar gona. Baba ya karɓi wayar, ban ji me suka ce ba. Da ya miƙo mini ya ce, "Zan tahi."

Na ce me zai yi a gona da ƙafa ɗaya. Ya ce zai zauna gindin gawo ya riƙe ƙwaryar iri, ya ga sun miƙe layi, don Bashir in ba a tsaya masa ba karkacewa yake. Na ce a'a. Na ce ƙura, na ce ƙuda, na ce suga, na ce in ya faɗi fa. Na ce ba inda za shi, kuma na gama magana.

Bai yi musu ba. Abincin yamma ya dawo yadda na kai shi.

Lahadi, 15 ga Yuni

Sa'adatu ta zo, ta buɗe, ta danna, ta ce ciwon ya rufe. Akwai gidan likita a Gesheme, za su iya auna masa suga. Ta faɗa tana kallona, ba shi ba. Na ji haushinta.

Bayan ta tafi na leƙa, ya juya yana kallon bango. Irin kwanciyar Afrilu sak. Bokitai ko buhu ba a jiƙa musu ba.

Na tsaya a ƙofa na daɗe. Tsoro nake ji, shi ke nan, tsoro ne kawai. Sai na ji bakina yana cewa in zai tafi sai da magani da bandeji na ajiya, kuma Bashir ya zo da mota, ba babur ba.

Ya tashi zaune, ya jawo sanduna, ya ce in biyo shi. Ya bi bokitai ɗaya bayan ɗaya yana ba ni amana: wannan a tsinke shi jibi, wancan ya kusa fure a cire, yakuwa tana son haske. Da muka zo kan na hatsin ya sa yatsa a layin gawayi ya ce, "Za ki ga ya yi laushi da rana, hannunki zai yi ƙaiƙayi. Iyakarki nan, Inna. Ki bar mishi wurin shan iska."

Na ce na sani, ni na koya masa. Ya ce haka ne.

Talata, 17 ga Yuni

Jiya da safe suka tafi. Gidan ya yi girma.

Na ƙudura ba zan kira ba yau. Na kira, amma sau ɗaya. Bashir yana haki ya ce Baba ya ƙi zama gindin gawo. Yana bin bayan mai sungumi kan sandunansa, matar Bashir na zuba iri, shi kuma yana turbuɗewa da gindin sanda. A hankali yake, an bar masa layinsa shi kaɗai.

Maganar ta zo mini har baki, ku zaunar da shi, ku karɓe sandunan. Na ji ina cewa, "Layin ya miƙe?" Bashir ya ce ya fi nasa.

Da azahar na shiga ɗakin ajiya. Hatsin ya yi laushi, ruwansa ya sauka ƙasa da layi. Na ɗauko butar Baba, ya manta da ita ko ya bar ta, ban sani ba. Na zuba har layin gawayi. Da sauran ruwa a butar, na ajiye ta.